Yadda ake duba tsohuwar karaban kafin a saya, da yadda ake gyara ta a Yamai

Karaban, wato ɗakin kwana mai tayu da ake ɗaura wa mota ta ja, ba a nan ake ƙera ta ba. Waɗanda kake gani a Yamai, a bayan gareji ko a kusurwar gidan wani Alhaji ƙura ta lulluɓe su, kusan duka daga Turai suka zo: Caravelair da Sterckeman na Faransa, Hobby da Knaus da Eriba na Jamus. An yi su ne don ƙasar sanyi da kwalta mai laushi. Ranar watan Afrilu da Mayu a nan, da zafi ke wuce digiri 40, tana cinye roba da mastik ɗinsu, wato danƙon da ke toshe haɗi kada ruwa ya shiga, cikin ƴan shekaru, damina ta zo ta shiga ta inda rana ta buɗe mata, gara kuma ta ƙarasa aikin.

Mai sayarwa zai nuna maka katifa da labule da ƴar murhun gaz. Ba su kake saye ba. Abu uku kake saye: shasin ƙarfe da ke ƙasa, katakon da ke ɓoye cikin bango, da takardu. In waɗannan ukun suna da lafiya, yawancin sauran ana gyara su a Yamai da ƴan kuɗi. In ɗaya daga cikinsu ya mutu, arhar da aka yi maka ba arha ba ce.

Da farko: tafiya za ta yi ko zama?

Kafin ka je ko kallonta, yanke wannan. Wanda zai ajiye ta a garka a bakin kogi, ko a wurin gini ta zama ɗakin mai gadi ko ofis, zai iya haƙuri da birki mai rauni da tsofaffin tayu, tun da sau ɗaya za a ja ta a hankali a ajiye. Wanda kuwa zai riƙa jan ta zuwa Tawa ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar da ta haura kilomita 500, shi ba abin da zai yafe a ƙasanta. Kuma a faɗi gaskiya, karaban ta Turai ba ta son hanyar jar ƙasa mai kunya-kunya. Girgizar tana warware bis, tana tsaga haɗin kabad da bango, tana buɗe mastik. In yawan tafiyarka ta daji ce, ka bar maganar.

Sai nauyi. A kan ƙarfen gaba da ake ɗaura wa mota ko kusa da ƙofa akwai ɗan allon ƙarfe mai lambar shasi da nauyi. A na Faransa za ka ga PV, nauyinta babu kaya, da PTAC, iyakar nauyinta da kaya. Shawarar da masu ja suka daɗe suna bi ita ce kada karaban da kayanta ta wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke jan ta. Mota mai kilo 1,500 ke nan ta tsaya a kilo 1,275. Littafin motar ma yana da tasa iyakar, kuma ita ce gaba da kowace shawara. Hilux ko Land Cruiser ba su da matsala da yawancin waɗannan, ƙaramar Corolla kuwa kulocinta ne zai biya kuɗin.

Takardu kafin ka sunkuya ƙasa

Wannan gajere ne amma shi ke kashe ciniki. Nemi takardar duwan da ke nuna an fanshe ta, da kart giriz ɗinta. A Faransa duk tirelar da PTAC ɗinta ya wuce kilo 500 tana da kart giriz nata daban da lambarta, don haka wadda ta zo daga can babu takarda sai ka tambayi dalili. Goge ƙurar ƙarfen gaba, ka karanta lambar da aka buga a jikin shasi, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. In an ce maka "takardun suna wajen mai ita, ya yi tafiya", ka ce Allah ya dawo da shi lafiya, ka jira shi. Tambayi kamfanin inshorarka da ofishin da ke ba da kart giriz abin da ake nema na lasisi da bizit ga nauyin da za ka ja, tun kuɗinka na aljihu.

Ƙasanta

Tafi da tabarma, tocila, turnabis mai kauri, ƙaramar guduma da jak. In da hali ka ɗauki makanikinka, ba na dillali ba.

Yawancin karaban na Turai suna kan shasin AL-KO ko BPW, ƙarfe ne da aka tsoma a tutiya don kada ya yi tsatsa. Tsatsar sama-sama da ke fita da buroshin ƙarfe ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne tsatsa mai ɓawo-ɓawo da turnabis ke hudawa, ko tsagewa kusa da notin da ke riƙe esiye, wato ƙarfen da tayu ke jikinsa, ko ƙarfen gaba da ya lanƙwashe. Dubi alamar walda. Shasin AL-KO siriri ne, da noti aka haɗa shi, masu shi kuma sun hana a yi masa walda ko a huda shi, domin zafin yana ƙone tutiyar ya raunana ƙarfen a gefen ɗinkin. Idan ka ga wani ya riga ya ɗinke shi, ɗauke ta a matsayin ta zama, ba ta hanya ba.

Esiyen waɗannan ba shi da sifirin irin na mota. Roba ce a cikin bututun ƙarfe, ita ke shanye girgiza. In ta tsufa sai karaban ta zauna. Zura hannunka tsakanin saman taya da rufinta: in yatsu biyu da ƙyar suke shiga, ko ka ga inda taya ta goge rufin, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, robar ta gama. Ba a gyara wannan a gefen hanya, sai dai a sake esiye ɗungurungum, kuma odarsa ake yi daga waje.

Ɗaga kowane gefe da jak a ƙarƙashin esiye, ba da ƙafafun kusurwa huɗun nan ba, waɗanda don tsayar da ita kawai aka yi su. Juya taya ka saurara. Gurnani na nufin rulma ta ci. Kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga, in tana kaɗawa rulma ce ko notinta. Tsofaffin karaban suna da rulma mai buɗewa da ake wankewa a sa giris a ɗaure da noti mai ƙusa, kowane makanike ya san ta. Na baya-bayan nan rulmarsu a rufe take, notinta kuma sau ɗaya ake ɗaura shi, in an kwance sai sabo.

Birkinta ba ya haɗe da ƙafarka. Idan mota ta rage gudu, karaban tana turo kanta gaba, kan da ke riƙe da ƙwallon ja na bayan mota sai ya shige ciki ya ja sandar birki. Gwada shi haka: tura kan da ƙarfi zuwa ciki. Ya kamata ya yi maka tauri, ya shiga a hankali, ya dawo a hankali. In ya shige fuu babu turjiya, ƙaramin amortisar da ke ciki ya mutu, kuma kowane taka birki za ka ji ta buge ka ta baya. Ja birkin hannu ka ga ko tayun biyu sun kama. Ƙwallon ja na Turai milimita 50 ne, kada a ɗaura ta a wanda ya fi shi ƙanƙanta don wai ta shiga.

Tayu kuwa, kada zanensu ya ruɗe ka. Tayar karaban ba ta cinyewa, tsufa take yi a tsaye. A gefenta bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Lamba uku kacal na nufin kafin shekarar 2000 aka yi ta. Duk wadda ta wuce shekara 5 ko 6 a ranar nan tamu, sa kuɗin sabuwa a lissafi, kuma ka nemi mai ɗaukar nauyi, mai harafin C a bayan lambar girmanta.

Bango da rufi, inda yawancin ciniki ke mutuwa

A nan za ka daɗe. Bangon tsohuwar karaban hawa uku ne: falle na alminiyom a waje, siririn kontarfilake na milimita 3 ko 4 a ciki, tsakiya kuma farin soso da ƴan sandunan katako marasa kauri. Waɗannan sandunan su ne ƙashinta. Duk taga da ƙofa da kabad a jikinsu aka ɗaure su. Ruwa yana shiga ta ramin bis da haɗin rufi, ya kwanta cikin bangon inda iska ba ta kaiwa, katako ya ruɓe, alhali daga waje fes take. Eriba Touring ta bambanta, ƙashinta bututun ƙarfe ne, ita tsatsa ake nema mata a ƙasan bango.

Ka ce a bar ta a rufe, kai za ka buɗe. Numfashin farko da ka ja shi ne shaida: warin rima, irin na ɗakin da aka rufe duk damina. In ka tarar an buɗe tagogi an turara ta da turaren wuta kafin ka iso, ka ƙara sa ido. Ɗaga katifu, buɗe kowane akwati na ƙarƙashin kujera da kowane kabad na sama, haska kusurwoyi. Danna bango da babban yatsa a ƙarƙashin kowace taga, kewayen tagar rufi, kusurwoyi huɗu na ƙasa, da bayan wurin wanka. Bango mai lafiya ba ya lotsawa. Baƙin tabo, fuskar katako da ta yi ƙuraje, ko takardar bango da ta yamutse, duk sawun ruwa ne.

Akwai ɗan injin auna rima mai allura biyu. A Turai ƙasa da kashi 15 lafiya ne, sama da 20 akwai matsala. Amma a nan yana yin ƙarya. Daga Nuwamba zuwa Mayu iskarmu ta bushe ƙayau, katakon da ya ruɓe ya zama gari ma zai nuna maka busasshe ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na bis. Nemi izini ka kwance bis biyu ko uku daga dogon ƙarfen alminiyom da ke bin gefen rufi, da na ƙarƙashin taga. Bis mai haske da ya fito da turjiya, katakonsa na da rai. Wanda ya fito ja da tsatsa, ko yake juyawa a banza ba ya kamawa, ba shi da abin riƙewa a ciki. Bayan haka a kawo tiyo ko bokiti: mutum ɗaya na ciki da tocila, ɗaya na zuba ruwa a waje, daga ƙasa zuwa sama, kamar minti 10 kowane gefe. Saboda wannan ne watan Agusta da Satumba suka fi dacewa da sayen karaban, damina ta riga ta yi maka gwajin.

Gara ita ce abin da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. Karaban da ta shekara tana tsaye a kan ƙasa, gara na hawa ta ƙafafun kusurwa da tayar gaba. Nemi siririn layin laka a jikinsu da ƙarƙashin daɓe. Ƙwanƙwasa katako da gindin turnabis, in ya yi amon ƙwarya an cinye cikinsa. Gara a kabad ɗaya ana cire kabad ɗin. Gara a daɓe da bango biyu, ka yi musu sallama.

Daɓen ka taka shi babu takalmi, musamman bakin ƙofa da gaban murhu. Lotsawa iri biyu ce. In daga ƙasa katakon na da ƙarfi amma sama yana motsi, gam ɗin da ya haɗa fallayen ne ya saki, wannan ana gyarawa. In turnabis na shigewa daga ƙasa, ruɓa ce.

Ga ma'aunin da muke bi: ruɓa a wuri ɗaya da bai wuce faɗin taga ba, aikin mako guda ne ga kafinta mai haƙuri. Ruɓa a kusurwa biyu ko fiye, ko rufin da ya lotsa har ruwa ke kwanciya a kansa, sai an kusan sake gina ta, kuma ba za ta koma yadda take ba.

Lissafi

Rubuta duk abin da ka gani a takarda, ka kai wa makanike da kafinta da mai lantarki su faɗa maka kuɗin kowane aiki. Raba jerin biyu: abin da ake samu a Katako da wajen masu tsofaffin kayan mota, kamar katako, bis, waya, fitilu, rulma da tayu, da abin da sai an yi oda, kamar tagar roba, tagar rufi, esiye da amortisar birki. Tagogin nan da rana ta tsattsaga suna da tsada fiye da yadda ake zato, kuma na tsofaffin samfura wani lokaci ba a sake yin su. Haɗa kuɗin saye, la'adar dillali da gyara, ka ƙara sulusi a kan na gyaran, domin ba a taɓa buɗe bango a sami ɓarnar ta tsaya daidai inda aka zata. In zama za ta yi, gwada jimlar da kuɗin gina ɗaki ɗaya a wurin. Ɗakin laka ya fi ta sanyi nesa ba kusa ba, abin da ta fi shi shi ne in filin ba naka ba ne, ranar tashi ka ja kayanka. Takardar nan kuma ita za ka ajiye gaban mai sayarwa: "Alhaji, ga abin da ke jirana, sai a duba mini."

Gyara, bi da bi

Mutane na farawa da fenti da labule. Tsarin da ya dace shi ne a fara da inuwa. Yi mata rumfa wadda ta ɗara rufinta da aƙalla rabin mita don iska ta ratsa, a ɗora ƙafafunta a kan siminti ko faranti na ƙarfe, ba a kan ƙasa ba, a zuba maganin gara a kewaye.

Daga nan sai tayu, rulma da birki. Na uku shi ne toshe ruwa, kafin a taɓa katako ko ɗaya na ciki. Kwance dogayen ƙarafan gefen rufi da firam ɗin tagogi ɗaya bayan ɗaya, kankare tsohon mastik da abin roba don kada ka yagi alminiyom, goge wurin ya fita tas ba maiƙo. Shimfiɗa mastik na butil, wanda ba ya bushewa, ka mayar da ƙarfen da sababbin bis marasa tsatsa masu ɗan kauri fiye da na da, har mastik ya ɓullo ta gefe. Inda ake son manne mai ƙarfi a sa irin su Sikaflex. Silikon na banɗaki da ake shafawa a saman haɗi ba ya daɗewa a kan alminiyom, yana ɓarewa ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa, kuma bayansa ba abin da ke kamawa sai an kankare shi sarai. Yi wannan aiki da sassafe, da hantsi ƙarfen ba ya taɓuwa.

Katako daga ciki ake gyara shi. Cire kabad, yanke fallen ciki, bi ruɓar har ka kai katako mai lafiya, ka ƙara santimita 10 zuwa 15 ka yanke. Sabuwar sanda ta zama busasshiya, kaurinta ɗaya da tsohuwa, an shafe ta da maganin gara, a haɗa da gam na foliyuretan da bis. A nan sai ka tsaya a kan kafinta, domin hannunsa ya saba da kayan ɗaki masu nauyi, zai so ya sa jan katako da kontarfilake mai kauri don aiki ya yi ƙarko. Falle ɗaya na milimita 15 yana kai kilo 20 zuwa 25, na milimita 4 bai wuce 6 ko 7 ba. Falle goma na mai kaurin sun cinye duk nauyin kayan da aka yarda ka ɗauka. Daɓen da ya saki kuwa, a huda fallen sama kawai, ramuka na milimita 8 tazarar santimita 10, a ɗura gam mai haɗi biyu da sirinji, a toshe da ƴan turakun katako, a danne da bulo kwana guda, a tokare daga ƙasa.

Gaz ba wurin tsimi ba ne. Tiyon roba yana da shekarar ƙarewarsa a rubuce a jiki, sake shi ko da ya yi kyau a ido. Duba takardar da ke manne a akwatin gaz: na Faransa na da 28 ne ko 37 milibar, tsofaffin na Jamus 50, na baya 30. Detandar da za ka ɗaura wa butalin kilo 6 ko 12.5 dole ta dace da wannan lambar. Gwada kowane haɗi da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Ramukan da ke daɓen akwatin gaz da ƙarƙashin murhu kada ka toshe su don ƙurar hunturu, gaz ya fi iska nauyi, ta nan yake fita in ya zuba. Raga za ka sa musu. Hitar ɗumama ɗaki a cire ta a toshe bututunta. Kuma gawayin shayi a waje yake zama, hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci a ɗaki ƙarami irin wannan.

Firigon da ta zo da shi, mai aiki da gaz da lantarki ba tare da kwamfireso ba, yana fara gazawa da zarar zafi ya haura digiri 32 zuwa 35, kuma sai karaban ta tsaya daidai ba karkace yake aiki. Maye shi da mai kwamfireso na bolt 12. Da shi da fitilun LED da fanka biyu, farantin sola na wat 300 da batir na amfiya 150 zuwa 200 suna riƙewa, in ana share ƙurar farantin. Kilim sai da wutar NIGELEC ko janareto. Ɓeraye na son wayoyin da ke bayan kabad, mai lantarki ya bi su duka, ya sa abin yanke wuta na miliamfiya 30 a layin 220, ya haɗa wayar ƙasa, domin jikin gaba ɗaya ƙarfe ne. Tankin ruwa da tiyonsa a wanke da ruwan jabel a ɗauraye sau biyu. Fenti da labule sai yanzu, rufin kuma fari.

Fitar farko

Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan esiye, ba a can baya ba. Auna nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ja da sikelin awon mutum da guntun katako a tsaye: ga yawancin waɗannan kilo 50 zuwa 75 ne, in ya yi ƙasa da haka wutsiya za ta riƙa kaɗawa. Maƙala siririyar wayar da ke jan birki in karaban ta kwance, gwada fitilun baya da sigina, ɗage ƙafafun kusurwa. Fita hanyar Doso da safe, kada ka wuce 80. In ta fara lilo bayan babbar mota ta wuce ka, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi. Bayan kilomita 20 tsaya ka taɓa tsakiyar kowace taya: ɗumi ba laifi, zafin da ke sa ka janye hannu kuwa birki ne ke kamawa ko rulma ta matse. A kilomita 50 sake ɗaure notin tayu, sannan ka shiga ciki ka ga wane kabad ne ya buɗe da kansa.